Fasinja ba buhun hatsi ba ne

Yau hirarmu a kan tafiya take. Za mu duba yadda mutum zai shiga taksi ya sauka lafiya. Misalinmu kuwa daga Gaya za mu ɗauko shi.

Gaya tana cikin jihar Doso, a bakin kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara. In ka tsaya a bakin ruwa, kana hangen Malanbil ta ƙasar Benin. Tun 1958 aka yi gada tsakanin garuruwan biyu. Ta gabas kuma, ba nisa, ga Kamba ta jihar Kabi a Najeriya. Ta arewa ga hanyar Doso, kamar kilomita 150. Daga Doso zuwa Yamai kamar kilomita 140 ne. Ke nan mutumin Gaya yana da ƙasa uku a ƙofar gidansa. Wannan zai je kasuwa, wancan zai kai mara lafiya likita, waccan za ta je suna ko biki. Yawancinmu ba mu da motar kanmu. Taksi muke shiga, ko kabu-kabu muke hawa.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Buhun hatsi, inda aka aje shi nan yake zama. Ba ya gani, ba ya magana. Kai fasinja kana da ido, kana da baki. Yanzu kuma ka iya karatu da rubutu. Waɗannan su ne makamanka a kan hanya.

ME YA SA MUKE WANNAN MAGANA?

A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da rahoto a kan hatsarin hanya. Ta ce a cikin shekara guda kamar mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya. Ta ce a cikin yara da matasa, daga shekara 5 zuwa 29, ba abin da ya kai hatsarin hanya kisa. Kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, alhali ba ita ta fi yawan motoci ba.

Wani zai ce: «Malam, ai in kwana ya ƙare, ya ƙare.» Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma wannan mai maganar yana kulle ɗakinsa da dare. Yana ɗaure akuyarsa don kada ta shiga gonar mutane. Ba ya barin jinjiri a bakin rijiya. Yadda muke tsaron dukiya, haka ya kamata mu tsare rai.

SHIRI TUN DAGA GIDA

Tafiya mai kyau daga gida take farawa. Ka gaya ma mutanen gida inda za ka, da ranar da kake sa ran dawowa. Ka ɗauki katin shaidarka. In za ka ƙetare iyaka, ka haɗa da katin allurar rigakafin shawara.

Ka samu ƴar takarda. Ka rubuta sunanka, da sunan garinku, da lambar wayar wani naka. In kana da ciwon da kake shan magani kullum, kamar ciwon sukari ko hawan jini, ka rubuta shi. Ka sa takardar a aljihun rigarka. In wani abu ya faru har ba ka iya magana, takardar za ta yi magana a madadinka.

Kuɗi kuma ka raba su. Na mota da na abinci a aljihu guda, na kasuwanci a wani wuri can ciki. Kada ka zaro damin kuɗi a tsakiyar tasha don biyan dala ashirin.

A TASHA AKE SHIGA MOTA

A bakin hanya mota takan tsaya, direba ya ce: «Zo in rage maka.» Ragin yana da daɗi, amma ka yi tunani. Motar da ta yi lodi a tasha, ƴan sandika sun san ta. Sun san direbanta, sun san mai ita. In ka manta kaya a ciki, akwai wurin cigiya. In ta yi hatsari, akwai wanda za a tambaya. Motar bakin hanya kuwa, in ta wuce ta wuce.

Ku masu zuwa manyan birane, ku ƙara kula. A Abuja da Legas an sha fama da ɓarayi masu shigar ƴan taksi. Can ana ce musu «wan cans». Za ka tarar da mutum biyu ko uku a ciki kamar fasinjoji, alhali bakinsu ɗaya da direba. In baƙo ya shiga, sai su ƙwace abin da ke gare shi, su yar da shi a hanya. Maganin wannan shi ne tasha.

Ku gama ciniki kafin ka shiga: nawa ne kuɗinka, nawa ne na kaya. A Nijar da Benin sefa ake kashewa, a Kamba naira. Saboda haka a bakin iyaka ka tambaya: «Da wane kuɗi?» In an ba ka tikiti, ka karanta shi. Ka ga sunan garin da za ka, ka ga kuɗin da aka rubuta. Ka adana shi har ka sauka.

DUBI MOTA, DUBI DIREBA

Ba mai sayen rago bai shafa shi ba. To, motar da za ta ɗauki ranka fa? Kafin ka zauna, ka kewaya ta sau ɗaya.

Fara da tayoyi. Taya mai lafiya tana da zane mai zurfi. Wadda ta suɗe ta yi sumul, ko zare ya fito, tana iya fashewa, balle a watannin Maris, Afrilu da Mayu, sa'ad da kwalta ke zafi kamar wuta. Ka duba ko akwai tayar canji. Ka duba fitilu, gaba da baya. Ka taɓa ƙofar da ke kusa da kai: tana buɗuwa daga ciki? Ƙofar da aka ɗaure da igiya tarko ce ranar gobara.

Ka sa hancinka aiki. A yankin iyaka, wasu direbobi kan haɗa fasinja da jarkokin mai. In ka ji warin fetur a cikin mota, ko ka ga jarkoki a but, ka nemi wata. Taba guda, ko tartsatsin waya guda, ya isa.

Sa'an nan ka dubi direba. Ka gaishe shi, ka saurari amsarsa. In idanunsa sun yi ja, yana layi, ko yana magana ba kai ba gindi, ka fasa. Wasu suna shan ƙwayar tramol don su kori gajiya. Ƙwayar ba ta korar gajiya, ɓoye ta take yi, kuma tana iya jefa mutum cikin jijjiga yana riƙe da sitiyari. Direban da ya kwana tuƙi shi ma abin tsoro ne, ko bai sha komai ba. Ba laifi ka tambayi kamasho: «Yaushe wannan ya iso?»

KARANTA LAMBA, RUBUTA LAMBA

Ga inda karatunku zai yi rana. Kowace mota tana da lamba, gaba da baya. Lambar nan ita ce sunan mota. A motocin Nijar akan ga haruffa biyu, R da N. A na Benin, R da B. A na Najeriya akan rubuta sunan jiha a sama, kuma motar haya jan rubutu gare ta.

Ka karanta lambar a hankali. Ka duba ta gaba ta yi daidai da ta baya. Ka rubuta ta a takarda, ko ka buga waya gida ka faɗe ta. Kada ka ɓoye, ka yi a gaban direba. Direban kirki ba zai ji haushi ba. Mai mugun nufi kuwa zai san an san shi.

Wannan ya fi zama dole ga mace mai tafiya ita kaɗai, da wanda zai aika yaro. Kada ka sa yaro a mota ka juya baya. Ka rubuta lambar mota da sunan direba. Ka sanar da wanda zai tarbe shi. Ke kuma ƴar'uwa, in sauran fasinjoji sun sauka aka bar ki ke ɗaya, direba ya bar hanyar da kika sani, ki ce ya tsaya a wurin da ke da jama'a, ki sauka.

YAWAN LODI

Kowace mota an ƙera ta da iyakar abin da za ta ɗauka. An rubuta yawan mutanen a takardarta. Dattawa sun tuna da Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta cika hanyoyinmu shekara da shekaru. Tana da ƙarfi, amma ita ma tana da iyaka. Haka Toyota Hiace da ƙananan motocin yau.

Me ke faruwa in lodi ya yi yawa? Abu uku. Na farko, birki ba ya kama mota da wuri, don nauyi yana tura ta gaba. Na biyu, tayoyi suna zafi su fashe. Na uku, in an tula buhunan albasa ko masara a bisa, nauyi ya koma sama, sai mota ta jirkice a kwana. Wanda ya taɓa ɗora ma jaki kaya ya wuce kima ya san wannan.

Kada ka yarda a cusa ka kujera ɗaya da direba. Hannunsa da ƙafarsa suna son fili. Kada ka zauna a but, kada ka hau bisa kaya. Kada a riƙe jinjiri a kujerar gaba: in an taka birki da ƙarfi, hannun uwa ba ya iya riƙe shi.

In kujerarka tana da ɗamara, wadda direbobi ke ce ma santir ko bel, ka ɗaura. A 1959 kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fara sa irin wadda muke gani yau, mai bi ta kafaɗa da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana iya rage mutuwar na cikin mota har da rabi. Kada ka ɗaura ta don ganin jandarma, ka kwance in an wuce. Ba don jandarma aka yi ta ba.

LISSAFIN GUDU

Ku ɗauko alli, mu yi lissafi tare. Mun ce daga Gaya zuwa Doso kamar kilomita 150 ne. In mota tana cin kilomita 75 a awa, za ta isa cikin awa 2. In tana cin kilomita 100 a awa, za ta isa cikin awa 1 da rabi. Mene ne riba? Minti 30. Bai kai lokacin da muke ɓatawa a tasha muna jiran mota ta cika ba.

Yanzu mu duba abin da ake biya. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a cikin sakan 1. In direba ya duƙa kan wayarsa na sakan 3, motar ta yi mita 75 ba mai ganin gabanta. Kuma in an ninka gudu sau 2, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau 4. Saniya ta fito daga daji, yaro ya biyo ƙwallo, ina za a tsaya? Sauri ya haifi nawa.

Mu fasinjoji ma muna da laifi. Sau nawa muke cewa: «Direba, taka mana, kasuwa za ta watse»? Wanda ke jin tsoron makara, ya yi sammako.

BAKINKA

Wata rana ina dawowa daga Doso a taksi. Direban saurayi ne, yana sheƙa gudu, waya a kunne. Mu maza muna ciki, kowa ya yi tsit, har da ni. Ba wanda ke so a ce shi matsoraci ne. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce: «Ɗana, ka yi ma Allah ka rage. Ni kuɗin Gaya na biya, ban biya na lahira ba.» Ya ce: «Haba inna, ai na san hanyar nan.» Ta ce: «Ka san hanya, amma ba ka san abin da ke bayan kwana ba.» Sai wani dattijo ya ce: «Gaskiyarta.» Mu ma muka sa baki. Yaron ya aje waya, ya rage gudu. Muka iso Gaya lafiya, ba wanda ya rasa komai. Na sauka ina jin kunya, don ni mai koyarwa na yi shiru, tsohuwa ce ta yi magana.

Ku lura da yadda ta yi. Ba ta zage shi ba, ba ta yi ihu ba. Ta kira shi ɗanta. Ku ma haka za ku yi: magana mai taushi, amma a fili. In wani ya fara, ku mara masa baya, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In direba ya ƙi ji, ka sauka a gari na gaba, ka kai lambarsa ga ƴan sandika ko jandarma. Asarar kuɗin mota ta fi asarar ƙafa sauƙi.

DARE DA DAMINA

In da hali, ka yi tafiyarka da rana. Da dare amalanken shanu da na jaki ba su da fitila. Babbar mota takan lalace a kan kwalta, a zuba ƴan rassan itace kawai a bayanta. Fitilar mai zuwa takan kashe ma direba ido. Barci kuma ɓarawo ne.

Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kamar milimita 800 a shekara. Da damina kwalta tana santsi, ramuka suna ɓuya cikin ruwa. In kun iske ƙorama ta hau hanya, kada ku bar direba ya gwada sa'a. Ku jira ruwa ya janye. Kafin ka tashi, ka tambayi labarin hanya a tasha. In hukuma ta sa dokar hana tafiya a wani lokaci ko wani yanki, ka kiyaye.

In za ka sauka, ka jira mota ta tsaya cak. A Nijar, da Benin, da Najeriya, duka ta hannun dama ake tuƙi. Najeriya ta koma dama a 1972. Saboda haka ka fita ta ƙofar dama, wajen gefen hanya. Ka ƙirga kayanka kafin mota ta tashi.

KABU-KABU DA JIRGIN RUWA

A cikin gari da ƙauyuka, kabu-kabu shi ne taksinmu. A Benin ana ce masa zemijan. Babur ba shi da bango: jikinka ne bangonsa. Hular kwano, wadda wasu ke ce ma kaske, ita ce mai tsaron kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai kyau, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Kada ku hau ku uku ko huɗu. Ke mai zane ko dogon hijabi, kai mai babbar riga, ku tattare tufafinku, kada taya ta kama su.

Akwai kuma taksin ruwa. A ƙarshen watan Yuli na 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil. A wannan shekara da ta 2024, matafiya da yawa da jirgin ruwa suka riƙa ƙetare kogi. Iyakar Najeriya ma an rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa a 2023, aka buɗe a Maris 2024. Darasi a nan shi ne: iyaka takan buɗe, takan rufe. Ka tambaya kafin ka bar gida, kuma kada ka bi wanda ya ce zai zagaya da kai ta daji da dare.

In jirgi za ka shiga, dokar lodi ɗaya ce da ta mota. Ka dubi bakin jirgin: in ya kusa shafar ruwa, ya cika, ka jira wani. In akwai rigar ruwa, ka sa. Ka zauna, kada ka miƙe a tsakiyar kogi. Kada ka shiga da dare ko hadari ya taso.

IN HATSARI YA AUKU

Allah ya kiyaye. Amma in ya faru kana da lafiya, ga abin yi. A kashe injin mota. Kada kowa ya kunna taba. A sa alama nesa, gaba da baya, don kada wata mota ta afka muku. A Nijar, lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Ka faɗi wurin da kuke, da yawan waɗanda suka ji ciwo. Allon sunan gari da dutsen kilomita na bakin hanya za su gaya maka inda kake, tunda ka iya karatu.

Kada a finciko mai rauni da ƙarfi, sai in ana tsoron wuta. Wuyansa ko bayansa na iya zama a karye. In dole a ɗauke shi, mutum uku ko huɗu su ɗauka tare, kai da wuya da baya a miƙe. In jini na zuba, a danne wurin da ƙyalle mai tsabta, kada a saki. Kada a zuba ƙasa ko toka a ciwo. Kada a ɗura ma wanda ya suma ruwa, zai iya shaƙe shi. A kai shi likita da wuri. Kai ma da kake jin garau, ka je a duba ka, don wani ciwon a ciki yake.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa shiga mota a tasha ya fi shiga a bakin hanya?
2. Faɗi abu uku da za ka duba a jikin mota kafin ka zauna.
3. Mota tana cin kilomita 60 a awa. Awa nawa za ta yi kafin ta cinye kilomita 150?
4. Direba yana gudu, kowa ya yi shiru. Me za ka ce masa?

Ga aikin gida. Kowa ya rubuta takardar aljihunsa: suna, gari, lambar wayar wani nasa. Ranar kasuwa kuma, kowa ya rubuto lambar mota uku, ya kawo aji a karanta tare. Wanda ya iya, ya taimaki wanda bai iya ba tukuna.

Jama'a, nan za mu dakata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su ga iyalansu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.